Ɗana ba ya mayar mini da murmushi, ko otizim ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana shekararsa huɗu. In na yi masa murmushi ba ya mayar mini, in ƙanwarsa na kuka fuskarsa ba ta canzawa, amma can sai ya ɗauko abin wasansa ya ajiye mata ya wuce. Surukata ta ce miskilanci ne ya gado, maƙwabciyata kuma ta ce otizim ne. Anya yana jin tausayi kuwa? Daga wata uwa a Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya raya shi. Abin wasan nan da yake ajiye wa ƙanwarsa ya fi komai tsaya mini a rai. Yaron da bai damu ba, ba zai yi haka ba. Shi otizim yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ke tasowa, wanda ke shafar maganar yaro da mu'amalarsa da mutane.

Mun saba cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma ga yawancin mutane hakan ne. Da kin ga mai fara'a, naman kumatunki da ke ɗaga gefen baki zai ɗan motsa. In kika ga wanda ya murtuke, naman da ke haɗe gira ne zai amsa. Ulf Dimberg na Jami'ar Uppsala a Suwidin ya auna wannan tun 1982 da wayoyin da ake mannawa a fuska. Motsin kan zo kafin rabin daƙiƙa, ba da niyya ba, kamar yadda hammar wani ke sa ki hamma.

A farkon shekarun 1990, Giacomo Rizzolatti da abokan aikinsa a Parma ta Italiya sun gano wasu ƙwayoyi a ƙwaƙwalwar biri da ke aiki idan ya miƙa hannu ya ɗauki abinci, su kuma yi aiki idan ya ga wani ya ɗauka. Aka sa musu suna ƙwayoyin madubi. Daga nan wasu masana suka ce ai madubin masu otizim ne ya fashe, shi ya sa fuskarsu ba ta kwaikwayon ta wasu.

Ni ban gamsu da wannan ba, kuma binciken da ya biyo baya ya rage masa ƙarfi. A 2006 an nuna wa matasa da manya masu otizim hotunan fuskoki: kwaikwayon bai zo musu da kansa ba, amma da aka ce su kwaikwaya, sun yi daidai. A 2009 wani gwajin da aka yi da yara ya nuna kwaikwayon na zuwa, jinkiri kawai yake yi. Ke nan fuskar ce ba ta saurin kawo labarin, tausayin kuwa yana iya fitowa ta hannu, kamar na ɗanki.

Surukarki ma ba ta yi nisa da gaskiya ba a batun gado. Siffofin otizim a warwatse suke cikin jama'a, wani kaɗan wani da yawa, kuma suna bin dangi. Ba iska ba ce, ba allurar rigakafi ba ce, ba kuma sakacinki ba.

Fuska kaɗai ba ta isa a yanke hukunci ba, balle a wajenmu da ake koya wa yaro sunkuyar da kai gaban manya. Ki lura: yana waiwayowa in an kira sunansa? Yana nuna miki abu da yatsa don ki gani tare da shi? Yaya maganarsa? Ƙarar janareto ko canjin abin da ya saba na tayar masa da hankali fiye da kima? Ki ɗauki gajeren bidiyonsa a waya yana wasa, ki kai shi sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ki nemi a gwada jin kunnensa tukuna.

Kafin ranar, in kin yi masa murmushi ki ɗan dakata, kada ki kau da kai da wuri. In ƙanwarsa na kuka ki faɗa masa da baki: "Ta ji ciwo ne, zo mu lallashe ta."