Filin Tambaya da Amsa: Robar Tsagin Ƙofa da ke Zubewa Lokacin Haɗi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni kafinta ne a unguwar Zariya a nan Maraɗi, kuma shekarata uku ke nan da barin hannun maigidana. Kwanan baya na karɓi aikin ƙofofin kabad guda goma sha biyu, irin waɗanda allo yake zama a cikin tsagin firam. Wani abokin sana'a ya kawo mini 'yan ƙwallayen roba daga Kano, ya ce in riƙa sa su a cikin tsagin domin kada allon ya riƙa kwaramniya. Da zarar na shafa gam na ɗauko katakon ƙarshe zan rufe, sai ƙwallayen su zube ƙasa, wasu kuma su gangara su taru a lungu ɗaya, ina tsintarsu gam yana bushewa. Shin in manne su ne, ko kuwa in manne allon gaba ɗaya in huta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, zan fara da ƙarshen tambayarka, domin a nan hasarar take: kada ka manne allon. Katako yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma wannan motsin a faɗinsa yake faruwa, tsawonsa kuwa kusan bai canzawa. A gari irin namu, inda iskar hunturu da zafin Afrilu suke busar da katako ƙarau, sa'an nan ruwan Agusta ya zo ya cika shi da laima, allo mai faɗin santimita 40 yana iya ƙaruwa da milimita biyar ko shida tsakanin rani da damina, gwargwadon irin icen da yadda aka tsaga shi. Idan ka ɗaure shi da gam, to ko dai ya tsage a tsakiya da rani, ko ya ture mahaɗar firam ɗin da damina. Dalilin da ya sa magabata a wannan sana'a suka bar allo sake a cikin tsagi ke nan, ita kuwa robar aikinta shi ne ta riƙe shi a tsakiya, ta lotsa idan ya kumbura, ta dawo idan ya tsuke.

Game da zubewar kuwa, ina kyautata zaton laifin na tsaginka ne. Ƙwallayen da ake sayarwa da sunan Space Balls an yi su ne bisa awon Amurka: kaurinsu kusan milimita 6.6 ne, domin su shiga tsagi mai faɗin rubu'in inci, wato milimita 6.35. Wannan ɗan bambancin shi ne yake sa ƙwallon ya cije da kansa, har ka kifa katakon bai faɗo ba. Mu kuwa a nan da yawanmu a kan injin zarto muke fitar da tsagi, mu bi sau biyu ko uku, sai ya fita milimita 7 ko 8 ba mu ankara ba, kuma a irin wannan tsagin ƙwallon yawo kawai zai yi. Ka ɗauki guntun katako ka fitar da tsagi na gwaji, ka tura ƙwallo ɗaya da ɗan tsinke, ka kifa ka buga bayansa da tafin hannu. Idan ya faɗo, ka rage faɗin tsagin kafin ka taɓa katakon aikin.

Tun da ka riga ka tsaga firam ɗin ƙofofin nan, ba zan ce ka sake su ba. Abin da ni nake yi a irin wannan hali shi ne in ajiye ƙwallayen in nemo tsohon silifas mai taushi, in yanka shi 'yan guntaye masu tsawon santimita ɗaya da rabi, faɗinsu ya ɗan ɗara na tsagin. Guntu mai kusurwa huɗu ba ya gangarawa, kuma kai ne kake yanka shi daidai da tsaginka. Na fi son silifas a kan baƙar robar tiyub, domin ita ta tiyub siririya ce, sai an ninka ta, kuma wata baƙar robar tana tsattsafo maiƙo idan ta sha zafi, ya ɓata farin katako. Duk robar da ba ka sani ba, ka matse ta tsakanin guntayen katako biyu ka bar ta a rana kwana biyu ka ga ko za ta bar tabo.

Idan kuwa ƙwallayen kake so ka yi amfani da su, babu laifi ka manne su, amma a gindin tsagin kawai, da ɗigon gam wanda bai wuce ƙwayar gero ba, kuma ka yi haka tun da yamma ka bar shi ya bushe, ka yi haɗin washegari, domin kada ɗanyen gam ya taɓa bakin allon. Wasu suna ɗiga silikon, yana kuma riƙewa, sai dai duk inda ya shafi fuskar katako fenti ba ya kamawa da kyau, saboda haka ni ina gudunsa. Ka sa biyu a kowane gefe, uku a dogon gefe idan ƙofar ta kai mita, kuma ka nisanta su daga lungu da kamar santimita biyar, inda gam ɗin mahaɗa yake ɓullowa.

Akwai kuma maganar tsarin haɗin, wadda na ga masu koyo da yawa suna kuskure a kai. Suna haɗa tsayayyen katako ɗaya da na kwance biyu, sa'an nan su zura allon tun daga baki har ƙarshe, shi kuwa yana tafe yana share robar kamar tsintsiya, abin da ya sa ka iske su a lungu ɗaya ke nan. Ka shimfiɗa aikin a kwance bisa benci, ka haɗa tsayayye ɗaya da na ƙasa, ka zaunar da allon a cikin tsagoginsu biyu, ka kawo na sama ka rufa masa, sa'an nan ka turo tsayayye na biyu daga gefe, tsaginsa yana duban allon maimakon ya dubi ƙasa. Ka gwada haɗin duka ba gam tukuna, domin farin gam a zafin Maraɗi ba ya jiran kowa.

Sauran awon gibi. A tsagi mai zurfin milimita 12, ka bar kamar milimita huɗu tsakanin bakin allon da gindin tsagin a kowane gefe, domin robar ta ɗan matsu ba tare da ta hana mahaɗar rufewa ba. Amma ka dubi watan da kake aikin: ƙofar da aka haɗa a Maris ko Afrilu allonta yana kan iyakar tsukewarsa, don haka ka ƙara wa gibin milimita ɗaya a gefunan tsaye, wadda aka haɗa a Agusta kuwa ka rage gibinta kaɗan, tun da tsukewa ce a gabanta. Ka kuma shafa wa bakin allon fenti kafin haɗi, in ba haka ba da hunturu mai kabad zai ga farin layi ya bayyana a gefen ƙofarsa. Idan allon naka na filawud ne, motsinsa kaɗan ne ƙwarai, roba biyu a kowane gefe sun isa su hana shi ƙara, kuma ba sai ka damu da lissafin wata ba.