Amsa: Wane gidan gonar rake zan ziyarta kusa da birnin New Orleans na Amurka?

Malam, ka ce kwana ɗaya gare ka, kuma tarihin bayi kake son gani. To, fara da gidan gonar Whitney, wanda yanzu gidan tarihi ne. Tafiyar kusan awa ɗaya ce a mota, a gaɓar kogin Misisipi. An buɗe shi a 2014 musamman don ba da labarin bayin da suka noma raken.

Ware awa biyu aƙalla. Tsaya a bangon da aka rubuta sunayensu, za ka tarar da waɗanda aka kamo daga Afirka ta Yamma. Dubi manyan tukwanen ƙarfe da ake dafa ruwan rake a ciki. Daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin matsa, wuta ba ta mutuwa dare da rana, domin rake in an sare shi ba ya jira, nan da nan zaƙinsa ke lalacewa. Akwai kuma wurin tunawa da boren bayi na 1811.

Akwai wani gidan gonar a kusa, Oak Alley, mai jerin itatuwa 28. Yana da kyau, amma kada hoto ya ɗauke maka hankali, ka leƙa ɗakunan bayi.

Sayi tikiti ta intanet tun da wuri. Ka je da safe, da ruwan sha da hula, don yawancin zagayen a rana ake yi.