Tambayi Likita: Akwai sabon maganin ciwon idon masu suga?

Tambaya: Likita, mahaifina ya shekara 11 yana fama da ciwon suga. Yanzu hazo-hazo yake gani, ko karatun Alƙur'ani sai da ƙyar. A aji an koya mana cewa wasu dogayen RNA suna da hannu a lalacewar idon masu suga. Akwai maganinsu mu nemo masa? Ɗaliba, daga Zariya.

Amsa: 'Yata, Allah Ya ba Baba lafiya. Malaminku bai yi kuskure ba. A cikin DNA ɗin ɗan Adam, wato kundin gado da ke cikin ƙwayoyin jikinmu, ɓangaren da ke ɗauke da umarnin haɗa furotin bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Da can tarkace aka ɗauki ragowar, sai daga baya aka gano cewa daga nan ake kwafo waɗannan RNA, wato kwafin saƙon DNA, masu tsawon sama da harafi 200 na rubutun gado. Furotin dai ba sa haɗawa, aikinsu kunna wasu ƙwayoyin gado da rufe bakin wasu.

Wanda aka fi bin diddiginsa a ido shi ne MALAT1, wanda aka fara ganowa a 2003 a kansar huhu. A 2014 masu bincike a birnin Nanjing na ƙasar Sin suka tarar ya hauhawa a tantanin bayan idon ɓeraye masu suga. Da suka rage shi, yoyon jijiyoyin jini da kumburi suka lafa. Wani kuma, ANRIL, yana ƙara yawan VEGF, sinadarin da ke sa ido ya tsiro da sababbin jijiyoyi marasa ƙwari, masu saurin fashewa.

Amma fa a jikin ɓeraye aka yi wannan, da ƙwayoyin halittar da aka raina a ɗakin gwaji. Har yau babu maganin waɗannan RNA da aka amince a ba mutum don ciwon ido. Wanda ya ce yana sayar da shi, ki riƙe kuɗinki.

Ni hazon nan ne ya tsaya mini a rai, domin ciwon yakan yi ɓarna shiru kafin a fara jin canji. Ku kai shi Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna cikin makon nan. Mai yiwuwa yanar ido ce, wadda kan zo wa masu suga da wuri, kuma aiki na cire ta. In jijiyoyin ne, akwai aikin hasken leza, akwai allurar ido irin Avastin da ke toshe wannan VEGF ɗin da kika karanta. Ku tafi da takardun gwajin sugansa da na hawan jini. Kada ya je shi kaɗai, don maganin da za a ɗiga masa ya buɗe ƙwayar ido zai dushe ganinsa na wasu sa'o'i.