Za mu buɗe layinmu ya zama hanyar kowa: ya halatta mu tilasta wa waɗanda suka ƙi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, muna zaune a wani layi a Tumfure, cikin Gombe. Gidaje 14 ne, layin ba ya ɓullewa, mun kuma sa masa get a baki. Duk damina ruwa na cinye shi har mota ba ta iya shiga. Muka yi taro muka yanke shawarar fasa ƙarshen layin ya haɗe da titin baya, mu yi lambatu da ciko, sannan mu miƙa wa gwamnati ko ta sa shi cikin waɗanda za ta yi wa kwalta. Mun yanka wa kowane gida kuɗi daidai wa daida. Gidaje 11 sun yarda, 3 sun ƙi. Mai gidan bakin layi ya ce shi ba ya shiga ciki. Wata mata mai riƙon marayu ta ce ba ta da shi. Na ukun kuma sai an ci mita 2 daga katangarsa kafin hanya ta ɓulle, ya ce bai yarda ba. Wani malami ya ce mana tunda mafi rinjaye sun amince, kuma maslahar jama'a ce, muna iya tilasta musu. Ni ne shugaban kwamiti, gidana yana can kusa da ƙarshe. Mene ne hukunci? Kuma za mu iya cike giɓin da kuɗin zakka?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka maka da alheri, ɗan'uwa, da ka tsaya tambaya kafin a kira birkiloli. Gyaran hanya aikin lada ne, wannan babu saɓani. Zakka kuwa ba a yin titi da ita a wurin mazhabobi huɗu, sai ku cire ta daga lissafi.

Maganar da ta fi nauyi a wasiƙarka ita ce "layin ba ya ɓullewa". Malamanmu na Malikiyya sun bambanta tsakanin hanyar da ke ɓullewa da wadda ba ta ɓullewa. Ta farko haƙƙin kowa ce, har Shehu Halil, mai littafin Mukhtasar, ya ce a rushe ginin da ya shiga cikinta ko da bai cutar da kowa ba. Ta biyu kuwa ya ce hukuncinta kamar mallakar mazauna layin ne gaba ɗayansu. Don haka abin da kuka haɗa a taro guda abu biyu ne daban: gyara abin da kuka yi tarayya a kansa, da kuma sallama shi ga jama'a. Na farko ana iya hukunta shi a kan wanda ya ƙi. Na biyu kyauta ce, kuma ba a yi wa mutum kyauta da dukiyarsa.

Amma kafin komai, ku je ofishin GOGIS, hukumar taswira da takardun filaye ta jihar Gombe, ku nemi taswirar wurin, ku kuma tuntuɓi hukumar tsara birane ta jiha. Idan ya tabbata tun ranar da aka yanka filayen an fitar da layin nan a matsayin hanya mai wucewa, wani ne ya toshe ta da gini daga baya, to tambayar ta juya. Layin dama na jama'a ne, babu abin da za ku miƙa, mita biyun nan ba na mai katanga ba ne, kuma get ɗin naku ma sai da izinin hukuma. Idan kuwa katangarsa tana kan iyakar da takardarsa ta nuna, to ga bayani.

Gyaran da barinsa zai cutar da kowa, kamar lambatun da zai hana ruwa cin gindin gidaje, wajibi ne a kan duk masu tarayya. Ƙa'idar ita ce wanda ke cin amfani shi ke ɗaukar ɗawainiya. Sai dai "daidai wa daida" da kuka yi ba lallai ya zama adalci ba, kuma mutumin bakin layi yana da hujjar da ba ku saurara ba. Malaman Hanafiyya sun fayyace wannan a Majallatul Ahkam, kundin da Daular Usmaniyya ta kammala a 1876: gyaran layi mai toshewa ana fara lissafinsa daga baki, kowa ya shiga kuɗin gaban gidan farko, da an wuce ƙofar mutum sai ya fita daga lissafi. A ɗauka gidaje 4 ne a jere, gaban kowane gida zai ci naira miliyan 1.2. Na farko zai biya 300,000, na biyu 700,000, na uku miliyan 1.3, na ƙarshe miliyan 2.5. Dalili a fili yake: na ƙarshe yana taka gaban gidan kowa, na farko ba ya taka na kowa.

Wannan lissafin ciko ne. Lambatu kuma gangare yake bi. Ku fita ranar da aka yi ruwa ku ga inda yake nufa. Idan ruwan rufin mai bakin layi yana gangarawa ciki yana bi ta ƙofar kowa, to a kuɗin lambatu shi ne zai shiga kowane yanki, ba shi da bakin cewa bai amfana ba. Idan kuma kowa ya yarda da rabon daidai wa daida da daɗin rai, ya halatta, sulhu ne. Abin da bai halatta ba shi ne a ɗora shi a kan wanda ya ƙi alhali ya fi amfaninsa.

Yanzu maganar da aka gaya muku, cewa rinjaye ya isa hujjar tilastawa. Ina girmama wanda ya faɗa, amma ban yarda da ita ba, kuma zan tsawaita a nan domin ta yaɗu a unguwanninmu, kowane kwamiti na ganin ɗaga hannu a taro ya mayar da shi hukuma.

Masu wannan ra'ayi suna cewa maslahar jama'a tana gaba da ta mutum ɗaya. Gaskiya ne, amma wa ke yanke cewa an kai wannan matsayi? Duk misalan da suke kawowa, shugaba ne ya yanke. Sayyidina Umar ya faɗaɗa Masallacin Harami a shekara ta 17 bayan hijira, ya sayi gidajen da ke kewaye, waɗanda suka ƙi sayarwa ya rushe nasu ya ajiye musu kuɗinsu. Halifa ne ya yi, don masallacin al'umma duka, kuma da diyya. A wasiƙarka ban ga inda kuka ambaci ko kwabo ga mai katanga ba.

Suna kuma kawo ƙissar da ke cikin Muwaɗɗa, ta Dahhak ɗan Halifa da ya so ya ratsa da hanyar ruwa ta gonar Muhammad ɗan Maslama, shi kuma ya ƙi, har Umar ya rantse sai ta wuce ko da ta kan cikinsa ne. Ku duba ta da kyau. Dahhak bai tara maƙwabta sun ɗaga hannu ba, ƙara ya kai. Gonar ba ta fita daga hannun mai ita ba, kuma Umar ya kafa hujja da cewa shi ma zai sha ruwan, ba kuma zai cutu ba. Mai katangarku fili zai rasa har abada, babura da tifofi kuma za su riƙa bi ta jikin ɗakinsa. Bayan haka, Ibnul Ƙasim ya ruwaito daga malaminsa Imamu Malik, wanda shi ya kawo ƙissar, cewa ba a kanta aiki yake ba. To idan har ratsawar ruwa an yi saɓani a kanta, ina ga yanke mita biyu?

Wasu kuma sai su ce shawara ce, Musulmi suna kan sharaɗinsu. Sharaɗi yana hawa kan wanda ya ɗauka. Da a ce tun farko duk gidajen 14 sun sa hannu cewa abin da rinjaye ya yanke a kan gyara ya hau kan kowa, da ya hau. Ko a haka ma ba zai kai ga filin mutum ba sai an ambata. Mutum 11 ba su mallaki taki ɗaya na gidan na 12 ba, yawansu kuma ba ya ƙara musu komai a ciki. Hadisin gargaɗi ga wanda ya zalunci taki ɗaya na ƙasa ka san shi, bai ware kwamiti ba.

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a kan wannan a Jidda a 1988, ta halatta karɓar mallakar mutum don amfanin jama'a da sharuɗɗa: shugaba ko wakilinsa ne zai karɓa, don buƙata ta gama-gari kamar hanya ko masallaci ko gada, da diyya ta adalci nan take wadda ba ta gaza farashin kasuwa ba. Dokar ƙasa ma haka ta tafi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, a sashe na 28, gwamna ta ba ikon soke haƙƙin mallaka a birni saboda buƙatar jama'a, sashe na 29 kuma ya yi maganar diyya. Saboda haka hanyoyinku biyu ne: ku saya daga mai katanga da yardarsa, ku kuma sake gina masa, ko ku rubuta wa hukuma ita ta duba ta yanke. Idan shi ya bayar don Allah, sadaka mai gudana ce, amma kada a taru a kansa da dattawa har kunya ta sa ya ce to. Abin da aka karɓa da kunya ba a samu yardar zuciya a kansa ba.

Batun matar nan ya fi damuna. Ka ce "ta ƙi". Ɗan'uwa, wadda ta ce ba ta da shi ba ta ƙi ba. Sannan gidan ba nata ba ne ita kaɗai. Matar mamaci mai 'ya'ya tumuni gare ta, ɗaya cikin takwas, sauran na magada ne. Kason gyaran dole yana hawa kan dukiyar marayu idan suna da ita, domin gidansu ake karewa. Idan babu, Alƙur'ani ya ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, yafewa kuma ta fi. Ku 11 kun fi ƙarfin kason gida guda. Amma sallama haƙƙin yaran a cikin layin, wannan ko waliyyinsu ba shi da ikon yin kyauta da shi. Sai a kai wa alƙali, idan ya ga buɗewar amfani ce gare su ya ba da izini. Kada in ji an karanta sunanta cikin waɗanda ba su biya ba a ƙofar masallaci ko a zauren WhatsApp na layi, kada kuma a hana ta mabuɗin get.

Kai kanka ina da magana da kai. Ka faɗa da bakinka cewa gidanka yana kusa da ƙarshe. Ranar da aka fasa layin, gidan da ke can ƙurya zai koma bakin titi, darajarsa ta tashi, har a iya fitar da shaguna. Wannan halal ne, ban kuma zarge ka ba. Amma kai ne ka fi kowa cin riba a rabon daidai wa daida, kai ne kuma shugaban da ya jagoranci yanka shi. Ka faɗi haka a gaban taro da kanka, ka bar wani ya yi lissafin rabo, ko mai unguwa ko injiniyan da ba shi da gida a layin. Kuɗi kuma kada su kwana a hannun mutum ɗaya. A buɗe asusu mai sa hannun mutum biyu ko uku, kowa a ba shi rasit, a rubuta yarjejeniya da shaidu.

Ku kuma gaya wa mutanenku gaskiyar abin da miƙawa ke nufi, domin na ga kamar kwalta kawai suke hange. Da zarar layin ya zama na jama'a, get ya tafi, ba ku da ikon tare shi, ba ku da ikon dawo da shi, yaran da ke wasa a ƙofar gida kuma za su haɗu da masu a-daidaita-sahu. Miƙawa ba alkawarin kwalta ba ce. Gwamnatin Gombe tana da shirin hanyoyi na kilomita 100 a kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 11, amma ita ke zaɓen inda za ta yi da lokacin da za ta yi. Ku bi ta takarda da wakilanku. Ba da wani abu ga jami'i don a tsallake wasu a sa layinku cin hanci ne, ko da an kira shi goro.

Sai ruwan da za ku tara a lambatu: ina zai zuba? Duk mazaunin Gombe ya san yadda ƙasarmu mai yashi take zaizayewa, ƙaramar kwata ta zama kwari mai cin gidaje cikin 'yan damuna. Idan kuka gina lambatu mai kyau kuka sake shi a kan mutanen titin baya ba tare da ya haɗu da babbar magudana ba, kun ɗauke cuta daga ƙofarku kun kai ƙofar wasu, kuma duk katangar da ta faɗi sanadiyyar haka akwai lamuni a kanku. Ku sa injiniya ya auna mafitar ruwan kafin a sauke tifar yashi ta farko.

Abin da za ku iya farawa yanzu, da zarar injiniya ya auna, shi ne lambatu da ciko, da rabo gwargwadon amfani, ku ɗauke wa marayu nasu. Fasa katanga kuwa ya dakata har a ga taswira, a samu yardar mai ita ko hukuncin hukuma.

Allah ne Mafi sani.