Muna so mu buɗe gidan tarihin Hausawan Legas, ta ina za mu fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren wata ƙungiya a Agege. Wani attajirin unguwarmu ya ba mu ɗaki biyu da falo a wani gidansa, ya ce mu mai da su gidan adana tarihin Hausawan Legas. Tun da labari ya bazu mutane ke ta kawo kaya: tsofaffin hotuna, wasiƙun ajami na fataken goro, rigunan sarauta, lambobin yabo na sojojin da suka je yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, har da wani tsohon takobi. Yanzu duk suna jibge cikin buhuna. Ba mu san yadda ake baje su ba, ba mu da hanyar kuɗin shiga, ga shi an fara jayayya kan wanda zai shugabanci kwamiti, don wasu na ganin mai gidan ne ya cancanta. Wani ma ya ce a sayar da takobin a yi fenti. Ina mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya saka wa wannan bawan Allah da alheri, ku kuma ya ba ku ladan niyya. Abin da kuka ɗauko ya daɗe yana jiran mai ɗauka. A 1863 wani jami'in Birtaniya, John Glover, ya haɗa 'yar rundunarsa a Legas da Hausawan da suka kuɓuta daga bauta, kuma daga nan sojan Najeriya ke lissafa asalinsa. Zuwa 1912 jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano, goro na hawa Arewa, shanu na gangarowa. Amma yaron da aka haifa a Agege ko Idi-Araba da wuya ya sami inda zai je ya ga wannan da idonsa.

Sai dai a cikin matsalolin da ka lissafa babu wadda ta fi gaggawa kamar wadda ka ambata a wuce, wato buhunan nan. A dakata da karɓar sabon kaya, a dakata da zancen fenti da ranar buɗewa. A sayo babban littafi mai ɗinki, wanda ba a iya cire masa shafi ba tare da an gane ba, a zauna a shigar da kayan ɗaya bayan ɗaya. Kowane abu a ba shi lambarsa, a rubuta ranar da ya zo, wanda ya kawo, na wane ne asali, abin da aka sani game da shi, da halin da yake ciki, sannan a ɗauki hotonsa gaba da baya. Lambar takan zama shekara, da lambar wanda ya kawo, da lambar abin, kamar 2025.4.2. A rubuta ta da fensir a bayan takarda, ko a jikin ɗan ƙyalle a ɗinka a cikin riga. Kwafi ɗaya na rajistar ya zauna a kwamfuta, wani a gidan da ba nan ba. Lambar yabon da aka san sunan sojan da ya same ta da unguwar da ya zauna, tarihi ce. Ranar da mai ba da labarin ya rasu ba a rubuta ba, ta koma ƙarfe kawai.

A nan ne kuma za a raba kyauta da aro, kuma ina roƙonku kada ku ji kunyar wannan. Duk wanda ya kawo abu ya sa hannu a takarda cewa ya bayar har abada, ko kuwa ya ba da aro na wata kaza. Idan kayan mamaci ne, ɗa guda ba shi da ikon kyautar da shi, domin gado ne, sai magada sun yarda, mata da maza. Rigimar da ta fi wahalar da ƙananan gidajen tarihi ke nan: bayan shekaru wani ya dawo daga tafiya ya ce wa ya ba ku rigar babanmu. Haka ma ɗakunan da aka ba ku. Yau mai gida na raye, ran da Allah ya karɓi abinsa gidan ya shiga rabon gado, kuma kun san darajar fili a Legas. Ku same shi cikin ladabi ya rubuta, ko wakafi ne, ko haya ce ta shekaru masu yawa, da shaidu da lauya.

Takobi kuwa, kada a sayar. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, NCMM, a 1979 ta ɗauki duk aikin hannu na gargajiya da aka ƙera kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ta hana saye da sayar da shi sai ta hannun wanda hukumar ta amince wa, ta kuma hana fita da shi ƙasar waje ba da izini ba. Ko da takobin bai kai wannan shekarun ba, amana ce aka kawo muku. Ranar da aka ji kun sayar da abu guda, wanda ke da niyyar kawo na kakansa zai mayar ƙarƙashin gado. Wannan dokar dai ita ta ba hukumar ikon amincewa da gidan tarihin da wasu suka kafa da kansu, saboda haka ku je gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda wani Bature, Kenneth Murray, ya kafa a 1957, ku gabatar da kanku tun yanzu, ku nemi ma'aikatan sashen kula da lafiyar kaya su zo su duba muku.

Za ku buƙace su, don iskar Legas ba ta Kano ba ce. A Arewa ƙura da bushewa ake yaƙa, a nan danshi ne da gishirin teku. Da damina laimar iska takan wuce kashi 80 cikin ɗari, alhali funfuna na fara kama fata da takarda tun daga wajen kashi 65 zuwa 70. Ka buɗe gafakar da ta yi wata biyu cikin buhun leda a watan Yuni, za ka ga fari-fari kamar an barbaɗa gari, ga warin ruma. Ka ɗauki wasiƙar da aka maƙale da ƙarfen maƙala takarda, za ka tarar tsatsa ta ci gurbinsa ta bar rami. A fitar da komai daga leda, a ɗora kan kanta nesa da ƙasa da bango saboda gara da ambaliya. Riga a shimfiɗe ta, kada a rataye mai nauyin aiki, don zaren kafaɗa zai saki. Abu biyu na hana ku da babbar murya, domin masu kyakkyawar niyya ne ke yin su: manna salatif a takardar da ta yage, da kai ta shago a rufe ta da roba mai zafi. Salatif yakan bar tabo ruwan ƙasa wanda ba ya fita, robar kuwa ba a iya ɓare ta sai da tawadar. Na'urar sanyaya ɗaki da za ta yi awa uku wuta ta ɗauke ta fi cutarwa a kan rashinta, saboda hawa da saukar danshi ne ke fasa fata da itace. Ɗaki mai shan iska, da fanka, da ƙaramar na'urar auna danshi, sun fi muku.

Yanzu ga jayayyar shugabanci. A ganina mai gidan a ba shi girmansa cikakke, a naɗa shi uban gidan tarihin tare da Sarkin Hausawa, a rubuta sunansa a bango. Amma kada shi ko wani mutum guda ya haɗa shugabanci da makulli da asusu. Ba zarginsa ake ba. Wuri ne na jama'a, kuma mutane ba za su saki jiki su kawo kayan iyayensu ba matuƙar suna ganin ɗakin Alhaji ne. Ku yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, CAC, a matsayin amintattu, yadda ƙungiyoyi da masallatai ke yi. Za a buga sanarwa a jarida, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, daga nan gidan ya zama yana da sunan kansa da zai mallaki kaya ya buɗe asusun banki. Amintattu biyar ko bakwai sun isa, da wa'adin shekara uku, kuma kada wa'adin kowa ya ƙare lokaci guda. A nemi mai ilimin lissafin kuɗi, da lauya, da malamin makaranta, da malamin da ke karanta ajami da kyau. A sa mace aƙalla ɗaya, don rabin abin da kuke nema yana cikin adakar tsofaffin mata, kuma ba namiji za su buɗe wa ba. Ina kuma ba da shawarar a sa Bayarabe ɗan unguwa mai son tarihi, tun da labarin zamanmu a nan ba ya faɗuwa ba tare da masu masauki ba.

Aikin amintattu shi ne su tsara ƙa'idar abin da ake karɓa da wanda ba a karɓa, su amince da kasafin shekara, su ɗauki mai kula da gidan, su bincike shi. Ba aikinsu ba ne su ce a ɗaga hoton wane sama da na wane. A rubuta tun farko cewa ba ɗan kwamitin da zai ari riga don bikin naɗi ko Sallah, kuma mai sana'ar sayar da kayan tarihi ba ya zama a kwamiti. Kuɗi ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu. Sau ɗaya a shekara amintattu biyu su zo ba sanarwa, su zaɓi lambobi daga rajista su ce a nuna musu kayan, sannan su ɗauki wasu kaya daga kanta su ce a nuna musu a rajista. Wannan binciken na awa biyu ya fi dogon taro amfani.

Batun kuɗi, gaskiya ɗaya ce: kuɗin ƙofa ba ya riƙe gidan tarihi, nan da ƙasashen waje duka. Samun mai ba da kuɗin fenti da gilashi ba wuya, don ana gani a yaba. Mai wuya shi ne albashin mai kula da na mai gadi, kuɗin wuta, feshin gara, gyaran rufi kafin damina, sabunta tukunyar kashe gobara, da ladan mai binciken asusu, wata bayan wata. Ku rubuta waɗannan na shekara guda, kuma kada ku buɗe ƙofa sai kuna da kuɗin a asusu. Ku dubi gidan zane-zane na Yemisi Shyllon da aka buɗe a Jami'ar Pan-Atlantic a 2019: mutumin bai tsaya ga ba da kayansa da kuɗin gini ba, sai da ya haɗa da na kula da wurin. Ku ma kuna da inda za ku nema. Ga 'yan goro, ga 'yan shanu da mahauta na Oko-Oba, ga 'yan gwari na Mile 12, ga 'yan canji. Ƙaramin abu da kowace ƙungiya za ta ɗauka duk wata a rubuce ya fi miliyoyin ranar ƙaddamarwa da rabinsu alkawari ne. In an sami mai ba da shago guda wakafi, hayarsa ta riƙa biyan albashi, to an kafu. Kada dai a sa rai da zakka, tana da masu ita da Alƙur'ani ya ƙayyade. Duk ƙarshen shekara a manna lissafin shiga da fita a ƙofa kowa ya karanta.

Sai baje koli, wanda shi ne ya fi daɗi. Kada a fito da komai. Ɗaki ɗaya ya zama ma'aji, ɗaya na aiki da karatu, falo na baƙi. A zaɓi labari guda a fara da shi, kuma in ni ne, da goro zan fara. A kawo huhu na gaske da ganyen fita a ajiye inda yara za su taɓa, a nuna yadda ake ƙirga ƙwarya, wato goro ɗari-ɗari, a sa wasiƙar wani falke ga ubangidansa a Kano tare da abin da ta ce da boko, a sa hoton tashar jirgi. Wanda ya taɓa shiga Onikan ya tsaya gaban baƙar motar da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, ya ga hujin harsasai, ya san abu guda mai labari ya fi kanta goma da aka cika. Ku leƙa Jaekel House a harabar ma'aikatar jirgin ƙasa ta Ebute Metta ku ga yadda ake tsara ƙaramin wuri da hotuna da 'yan kayan aiki. Bayanin kowane abu ya zama gajere, da Hausa da Yarbanci da Turanci. Hotuna da wasiƙu a baje kwafinsu a adana na asali, don haske na cin tawada da rini, kuma abin da ya koɗe ba ya dawowa. Riguna a riƙa sauya su bayan 'yan watanni.

Wata rana za a zo kan abin da ba shi da daɗin faɗa, kamar bautar da ta kawo wasu kakanninmu gaɓar teku, ko rikicin Idi-Araba na Fabrairun 2002. Wasu za su ce a rufe, wasu su ce a faɗa da zafi. Amintattu su tsayar da ƙa'ida tun kafin ranar: ba a rubuta abu sai da hujja, a saurari kowane ɓangare, a faɗi har da maƙwabtan da suka ɓoye juna.

Aiki ɗaya ne ba ya jiran rajistar CAC ko kuɗi. Dattawan da suka yi dakon goro a tasha, da matan da aka kawo aure Agege suna 'yan mata, suna nan amma suna raguwa. Ku raba matasanku biyu-biyu, mata su shiga wajen mata, a nemi izini, a ɗauki muryarsu da waya, a rubuta suna da rana da unguwa, a ba kowace hira lamba a cikin rajistar nan kamar sauran kaya. A fara a wannan makon, da wanda ya fi kowa tsufa.