Saka muryar waɗanda aka koro daga Aljeriya a rediyo

Malam, ka tambaya ko ya dace ka saka muryar mutanen da Aljeriya ta koro zuwa Assamaka, garin Nijar da ke kan iyakar Aljeriya, a shirinka. Ƙwarai, su faɗa da bakinsu, kada jami'i ya ari bakinsu ya ci musu albasa. Ka gaya wa mutum tashar da za a ji shi, ka naɗi amincewarsa tukuna, ka ja shi gefe, nesa da ma'aikatan sansani.

Amma wajen kare mai magana, ɓoye suna kaɗai ba ya wadatarwa. Mace 'yar garin Kantche, a yankin Damagaram, in ta ambaci ƙauyensu da yawan 'ya'yanta, maƙwabta sun gane ta, wanda ya ranta mata kuɗin mota ma yana sauraro. Yanke waɗannan bayanai, ka kunna mata ta ji kafin a watsa.