Amsa ga ɗan'uwanmu na Bauchi da kifinsa mai tuta ya ƙi cin abinci

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi ina karanta tambayarka gabana ya faɗi, sai na ga kamar ni na rubuta ta da hannuna a ƙarshen 2022. Ka ce yau kwana shida da aka kawo maka Murish aidol, kifin adon nan na ruwan teku, daga Legas, tankinka lita 250 ne, ka zuba masa tsabar abinci ka ba shi jatan lande, yakan matso ya duba ya juya, kana tambaya wane abinci za ka ba shi. Na san wannan juyawar. Na sha zama gaban gilashi har ƙafata ta yi sanyi ina kallonta.

Kafin komai, je ka duba shi ta gaba, ku fuskanci juna, ba ta gefe ba. Ta gefe kullum kyakkyawa ne, baƙi da fari da ruwan ɗorawa, ga tutar nan ta bayansa tana bin sa kamar jelar rawani. Ta gaba ake ganin gaskiyarsa. In ka ga naman da ke saman idonsa, bayan kai, ya lotsa, ko cikinsa ya shafe kamar an matse da yatsu biyu, to yunwarsa ba ta kwana shida ba ce, ya daɗe da ita tun kafin ya zo hannunka. In kuwa wurin a cike yake, Alhamdu lillahi, kana da sauran lokaci.

Ni na farkona haka ya zo, a lotse, ban sani ba. Wani mai sayar da kifin ado ne a Legas, ba zan faɗi sunansa ba, amma Allah Ya sani ban manta da shi ba. Ya turo mini bidiyo ta WhatsApp, kifi yana wawar abinci kamar tarwadar kandami. Na tura kuɗi har da na jirgi, na je filin jirgi na Lawanti a nan Gombe da kaina na ɗauko kwalin, na hana yaron gida riƙewa don kada ya girgiza. Da na buɗe leda sai na ga tutarsa guntuwa ce, a gutsure, alhali na bidiyon tasa ta wuce wutsiya. Na kira shi, ya ce ai a hanya ta karye. Na yarda, don ina son in yarda. Kwana goma sha ɗaya kifin nan ya yi a gidana ko loma ɗaya bai haɗiya ba. Ranar da ya mutu na tura masa hoto, sai mutumin nan ya turo mini saƙon murya yana dariya, wai mu mutanen Arewa ina muka san ruwan gishiri, mu tsaya a kan tarwada da karfasa. Wannan maganar ta fi asarar kuɗin ci mini rai. Bayan wata biyu na ga ya sa bidiyon nan dai, shi ɗin dai, da dutsen da ke gefen hagu da komai, yana tallar wani sabon kifi. Ashe bidiyo ɗaya yake yawo da shi. Na rubuta masa magana mai tsawo, na goge, na sake rubutawa, ƙarshe dai na bar shi da Allah. Har yau in na tuna dariyar nan sai in ji wuyana ya yi zafi. Don Allah duk wanda zai sayi wannan kifin a cikinmu, ya ce a kira shi ta bidiyo kai tsaye, a zuba abinci yana kallo, ya ga kifin ya haɗiye bai tofar ba, ya kuma tambayi sunan abincin ya sayi irinsa tun kifin bai iso ba.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne irin tafiyar da kifin nan yake yi kafin ya zo mana. Shi ba ɗan tekun Atilantika ba ne, wato ba a gaɓar Legas aka kamo shi ba. Kifin tekun Indiya ne da Fasifik, daga gaɓar Gabashin Afirka har Hawai, kuma yawancin na kasuwa daga wajajen Indunusiya da Filifin ake kamo su, wasu daga Kenya. A can akwai masu fesa gubar sayanayid a ramukan murjani don kifi ya suma su ɗauka, irin wannan ko ya iso da kyan gani cikinsa ya riga ya lalace. Daga hannun masunci zuwa ɗan kasuwa, zuwa jirgi, zuwa Legas, zuwa Bauchi, yana iya yin makonni ba ci, don da gangan ake hana su abinci kafin a ɗaure leda, kada su ɓata ruwan. Shi kuma halittarsa ba ta ajiya ba ce. Dubi bakinsa, dogo siriri, da haƙora kamar gashin buroshi. A teku wuni yake yana tsince-tsince a tsagogin dutse, soson teku ne babban abincinsa, sai ƙananan halittu masu laushi da ke manne a jikin dutse. Bai san abinci yana faɗowa daga sama ba. Shi ya sa yake zuwa ya duba naka ya juya, bai ɗauke shi abinci ba ne.

To ka daina watsa masa a saman ruwa. Ka manna masa a dutse. Na biyuna da wannan dabarar ya buɗe baki a kwana na huɗu. Na sami ɗanyen jatan lande na teku daga masu kifin ƙanƙara, wanda ba a dafa ba ba a sa masa komai ba, na niƙa shi da ɗan ganyen teku busasshe da ake kira nori, na cusa a ramukan wani ɗan dutse na sa a firiza ya daskare, sannan na ajiye a inda yake yawan tsayawa na bar ɗakin gaba ɗaya. Ta labule na leƙa na ga yana tsattsaga. Wallahi sai da na yi hamdala da ƙarfi har maman yara ta fito tana tambayar lafiya. In za ka sami kilam, wannan dabbar teku mai ɓawo biyu, ka daskarar da ita kwana biyu ka buɗe ta ka ajiye masa da ɓawonta, masu kiwonsa da yawa da ita suke fara yaudararsa. A nan wuyar samu gare ta, sai dai ka sa a haɗo maka daga Legas ko Abuja a kula. Kada ka kuskura ka ba shi busasshen jatan landen miya na kasuwar Wunti, mai hayaƙi da gishiri, ruwanka kawai zai ɓata. Kuma duk abin da bai ci ba bayan awa ɗaya ko biyu ka cire.

Akwai kuma atimiya, wata 'yar mitsitsiyar halitta mai kama da jatan lande, wadda masu ƙyanƙyasar tarwada suke ba 'ya'yan kifi. Wannan kam ba sai ka je nesa ba, ko a Bauchi za ka samu wajen masu kayan kiwon kifi. Ka ƙyanƙyashe ƙwanta a kwalba da ruwan gishiri da iska, kwana ɗaya ta fito. Ƙanana ne ƙwarai, ba za su ƙosar da shi ba, amma motsinsu yakan tayar masa da sha'awar ci.

Ban ji ka ambaci su wa ke cikin tankin tare da shi ba. In akwai kifin da ake kira tan ko wani mai faɗa da ya riga shi zama, raba su yau. Kifin nan matsoraci ne in yana baƙo, kora ɗaya ta isa ta hana shi ci wuni guda. Rage hasken fitila, ka rufe gefen gilashin da ke kallon hanyar wucewa da kwali, ka hana yara ƙwanƙwasawa. Nawa sai da na yi faɗa da baƙi a kan haska shi da fitilar waya.

Sannan zan faɗa maka abin da ba za ka so ji ba: lita 250 ta yi masa kaɗan. Yana kai santimita 23, kuma ba ya zama wuri ɗaya, kullum cikin kai da kawo yake. Ƙasa da lita 500 wahalar da shi ne, ni a 600 na ajiye nawa ina kuma jin na takura shi. Ga shi in ya fara ci sau huɗu ko biyar za ka riƙa ba shi a rana, kaɗan-kaɗan, ƙaramin tanki ba zai ɗauki wannan dattin ba. Wata nawa tankin naka da kafawa? In bai kai wata shida ba, duwatsun ba su yi abin da zai tsinta ba. Ka auna amoniya da naitirait, gubar da dattin kifi ke haifarwa a ruwa, a daren nan, dole su zama sifili. Gishiri ya tsaya wajen 1.024 zuwa 1.025 a ma'aunin gishirin ruwa, zafi tsakanin digiri 24 da 27. Da hunturu ruwa yana ƙafewa da sauri a wajenmu, ka cike da tataccen ruwan RO zalla, wato wanda na'ura ta tace ta cire masa gishiri, ba na gishiri ba, don ruwa ne ke tashi gishirin yana nan. Ruwan burtsatse kai tsaye kuwa kada ka fara.

Na biyun nan yara suka sa masa suna Mai Rawani. Wata goma sha biyar ya yi da mu. Daga dutse ya koma cin daskararren mayisis, wani irin ƙaramin jatan lande, daga nan na samo abincin nan na Ocean Nutrition da ake yi wa kifin anjel, wanda ke da soson teku a ciki, a ƙarshe har tsabar New Life Spectrum yake karɓa daga yatsuna. Tutarsa ta yi tsawo har tana lanƙwasa in ya juya. Duk wata halitta mai laushi da ke jikin duwatsuna sai da ya cinye ta, har 'yan murjanin da ake kira zowa da na sha wahalar samu, ban ji haushi ba. In an kawo mini sabon dutse mai soso a jiki, cikin bokiti nake juye shi a ƙarƙashin ruwa, don soso in ya sha iska mutuwa yake yi. Na fara jin kaina gwani, har ina ba mutane shawara a nan.

Sai Afrilun 2024, da aka lalata turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe. Ku na Bauchi kun ɗanɗana, amma mu nan makonni muka yi a duhu, ga zafin bazara ya haura 40, ga layin mai a gidajen mai. Solata ƙarama ce, da rana tana ɗaukar famfuna, amma na'urar sanyaya ruwa ta fi ƙarfinta, sai da janareta. Na yi ta fama, ina sayen ƙanƙara da tsadar da ban taɓa gani ba, ina sa ta a leda biyu ina ɗora ta a saman ruwa, ga fanka mai caji tana hura fuskar tankin. Kusan mako uku muna haka yana ci. Daren da abin ya faru, mai ya ƙare mini tun magariba, na zaga daga Tumfure har Jekadafari a babur ban samu ba, mai ƙanƙarar da na saba saye ya ce ta ƙare tun la'asar. Na dawo na ce batir zai kai mu asuba. Wajen ƙarfe biyu ƙarar inbata ta tashe ni, kafin in sauko daga gado komai ya yi tsit. Ba ka san tanki yana da ƙara ba sai ranar da ya yi shiru. Na haska ma'auni, 33. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iska, ga famfo ya tsaya. Na ɗauko jug ina ɗiban ruwan ina zubawa daga sama, ina ɗiba ina zubawa, maman yara ta riƙe mini fitila, da hannuna ya gaji ta karɓa. Mun fi awa biyu a haka. Shi kuma yana kwance a jikin dutsen da ya fara cin abinci a kai, yana numfashi da sauri, baƙin jikinsa ya koɗe ya koma toka-toka. Sau biyu yana yunƙurawa ya tashi ya zaga rabin tanki, in ce ya farfaɗo, sai ya sake kifewa. Ana kiran sallar farko ya daina motsi. Ƙananan kifayen duk sun rayu, shi kaɗai ya tafi. Abin da ya fi ƙona mini rai, famfon iska mai batirin tocila, ɗan ƙaramin abu mai araha, na gan shi a shago watanni kafin nan na ce wani lokaci. Da safe 'yata ta shirya makaranta ta zo gaishe shi kamar kullum, ta tsaya tana leƙa bayan duwatsu. Ban iya ce mata komai ba, uwarta ce ta faɗa mata.

Saboda haka ko abincin bai samu ba tukuna, sayi wannan famfon gobe, biyu ma, da batura a ajiye.

Wani abu kuma, in ka ga fararen ɗigo kamar garin gishiri a jikinsa, alamar cuta ce, amma kada ka yi saurin zuba maganin da ke ɗauke da sinadarin jan ƙarfe a babban tanki. Zai kashe duk abin da ke raye a duwatsun, kuma yana ƙara toshe wa kifi ci. Sai a wani tankin daban, da abin aunawa a hannu.

In Allah Ya sa ya rayu, mun gode. In kuma ya tafi, ina roƙonka kada zuciya ta ɗebe ka ka yi odar wani a satin, kamar yadda na kusa yi. Akwai wani kifi, Heniyokas, wanda Turawa ke yi wa laƙabi da aidol ɗin talaka, shi ma baƙi da fari da ɗorawa, da tutarsa, sai dai bakinsa gajere ne. Yana cin kusan duk abin da ka ba shi. Biyu ne a tankina yanzu, baƙi ba sa bambancewa, ni ne dai nake sani.

Turo mana hotonsa ta gaba da kuma abin da awon amoniya ya nuna. Ina da ragowar nori da rabin fakitin abincin mai soso a firiza, in kana so in sa a kula da ƙanƙara in ba direban motar Bauchi gobe da safe, kafin azahar ya iso maka.